Gashin Agwagwa a Ɗakin Inna

Wana ne ya kawo min bargon. Gwamnati ta tura su wata ƙasa can gabashin Turai su koyo aikin injinan ban-ruwa, ya yi shekaru, ya dawo da gemu da surutu fiye da wanda ya tafi da shi. Ya iske an yi min aure a wani ƙauye wajen Shanono, har na haifi 'yata ta fari. Ran kasuwa ya zo, maigidana ba ya nan. Ya shigo da ƙunshi a kafaɗa ya dire min a tsakar ɗaki, ya ce ga gudummawarsa ta biki, ko da ta makara.

Na kwance ƙunshin. Fari ne tas, an ɗinke shi gida-gida kamar fangalin albasa, ga kauri kamar katifa, amma da na ɗaga sai na ji ba nauyi ko kaɗan. Na dinga danna shi yana tasowa.

"Yaya, wannan katifa ce ko bargo?"

"Su can perina suke ce masa," in ji shi, ya gyara zama. Nan na san na jawo wa kaina karatu. Ya ce a harshensu gashin tsuntsu sunansa pero, daga nan sunan bargon ya fito, kuma ƙasashen da ke maƙwabtaka da su duk kusan haka suke faɗa, kowa da 'yar lanƙwasar harshensa, kamar Bakano da Basakkwace. Ya ce mu ma ai haka ne, katifa daga bakin Larabawa muka karɓo, filo daga Turawa, matashi ne namu na gado. An tura mutum ya koyo inji, ya dawo yana ba ni tarihin shimfiɗa.

Ni dai tun daga inda ya ambaci gashin tsuntsu na janye hannuna.

"Gashin me ka ce yana ciki?"

"Na agwagwa da dinya. Na ƙirji, mai laushin nan."

A wajenmu audugar rimi ake cusa wa matashi, wanda ba shi da hali ya cusa tsumma ko ciyawa. Gashin kaza wurinsa juji. Idan kuwa aka same shi a ɗinke cikin abin da mutum yake kwana a kai, ba a tambayar ma'anarsa, kowa ya sani, an yi wa mutumin sammu. Tun ina yarinya nake jin matan gidanmu suna rage murya suna cewa an farke matashin wane an sami gashin kaza da allura, kuma bai ƙara tashi ba.

Na gaya wa Yaya haka, ya yi dariya har da riƙe ciki, ya ce har yanzu ƙauyanci bai sake ni ba. Ya ce can uwa tun 'yarta na ƙarama take tara mata gashin agwagwa, kamar yadda iyayenmu ke tara mana kwalla da tasa, kuma amaryar da ba ta da wannan bargo abar tausayi ce. Tsohuwar da ya zauna a gidanta ce ta ba shi ranar da zai taho, tana kuka. Na yi godiya yadda ya kamata. Yana hawa babur ɗinsa na naɗe abin na danna shi ƙasan akwati, na jera zannuwa a kai. Ko maigida ban nuna wa ba, don ban san ta inda zan fara ba.

Bayan nan fari ya zo. Wanda bai ga shekarun nan ba, ko an ba shi labari ba zai gane ba. Gero ya fito ya tsaya iya gwiwa ya ƙone a tsaye. Ƙasarmu kuma gona jikin gona ce, babu wani daji da za a shiga a nemo abin kai wa baki, kowace kuka da kowace ɗorawa da mai ita. Ciwon shanu ya bi ta kan 'yan dabbobin da suka rage. Muka ci dusa, muka ci tafasa har ta gundure mu. Jerena da nake taƙama da shi ya dinga raguwa daga bango, kwano bayan kwano, yana tafiya kasuwa yana dawowa a matsayin garin rogo. Da kaka ta wuce babu abin da aka sa a rumbu, maza suka fara tafiya Kudu ci-rani. Maigidana ya bi su. Ya bar ni da yarinya a baya, da mahaifiyarsa, Inna, da wansa da iyalinsa a ɗaya sashen.

Ni da Inna muna shiri. Bakinta ba ya shiru, kullum sai ta ce tuwona ya yi ruwa, ni kuma in ce haƙoranta ne nake tausayi. A kan gadon ƙasa take kwana, irin wanda ake hura wa wuta a ƙarƙashi. To a shekarar ko karan dawa ya yi wuya, na girki ma da ƙyar, kuma an riga an sayar da gwadonta da bargon ɗanta. Da sanyi ya kankama ta fara tari. Wata safiya na kai mata kunu na same ta a duƙunƙune cikin zane ɗaya, haƙoran da suka rage mata suna haɗuwa. Na ajiye kunun na koma ɗakina na buɗe akwati.

Ban ɓoye mata komai ba. Na durƙusa na gaya mata wanda ya kawo da abin da ke ciki. Ta sa hannu ta shafa, ta dube ni.

"Wanki, yaron nan da ya gaishe ni har ƙasa?"

"Shi ne, Inna."

"To rufa min. Idan kika ji na yi cara da asuba, ki yanka ni ku sami na miya."

Muka yi dariya har tari ya sarƙe ta. Da ya lafa ta ce, "Amma ɗauko tsohon zanenki ki ɗinke a kai, kada farin nan ya ja ido. Kin san mutanenmu." Na ɗauko zane na zauna a bakin ƙofarta na ɗinke shi ciki da baya. Kwanakin da suka biyo baya Inna ta yi barci irin wanda ta daɗe ba ta yi ba, har tana cewa ashe haka Turawa ke jin daɗi suka bar mu da hayaƙi.

Ba bargon ne ya hana ciwo zuwa ba, kuma ba shi ya kawo shi ba. Tarin ya sauka ƙirji, zazzaɓi ya biyo baya, sai wata rana da hantsi ta tashi za ta yi alwala ta faɗi. Da aka ɗaga ta ɓarin jikinta ɗaya ya mutu, baki ya karkace, magana ta ɗauke. Aka aika Tofa aka kira babbar 'yarta, wadda yara ke kira Gwaggo, mu ma muka bi bakinsu.

Gwaggo ba muguwa ba ce, kada in ɗauki alhakinta. Mace ce mai kaifin ido wadda ba ta yarda da kowa a kan uwarta ba. Ta karɓi jinya daga hannuna ranar da ta iso, ni na koma wajen murhu. Ina nan ina tankaɗe da rana tsaka na ji ta kira ni, da wata irin murya a kwance wadda ban taɓa jin ta da ita ba. Na shiga. Tana riƙe da ɗan farin gashi tsakanin yatsunta. A leɓen Inna ta tsince shi tana ba ta kunu. Ta bi sawu ta sami wani a wuyanta, wani a kan tabarma, har ta kai ga kusurwar bargon, inda ɓera ya ɓula. Ɓeraye ma yunwa suke ji a shekarar.

"Zanen wa ne wannan?"

"Nawa ne, Gwaggo."

"Ɗinkin wa?"

"Nawa."

Ta janye bargon daga jikin Inna, ta jawo shi bakin ƙofa, ta sa reza ta tsarge shi daga sama har ƙasa. Ban san yawan abin da ke ciki ba sai ranar. Gashin ya tashi ya cika ɗakin, ya fito tsakar gida yana yawo a cikin rana, fari fat, yana sauka a kan randa da turmi da kawunan yara. Matar wan mijina ta fara salati, ta fizgo 'ya'yanta tana kakkaɓe su kamar wuta ce ta zubo musu. Ni kuwa na zauna a inda nake tsaye.

Na yi bayani, Allah ya sani na yi. Na ce wana ne ya kawo daga Turai, na ce can kowace amarya da irinsa, na ce perina ake ce masa. Da na sani da ban faɗi sunan ba.

"Har suna gare shi?" in ji Gwaggo, ta dubi matar wan mijina. "Kin ji ko? Har suna gare shi. To in na kirki ne, me ya sa kika lulluɓe shi da zanenki kika ɗinke?"

"Inna ce ta ce in ɗinke."

Na rarrafa gaban gadon na kama hannunta mai rai. "Inna, gaya musu. Ko kai ki ɗaga, Inna." Ta dube ni da ido ɗaya, bakinta ya motsa, yawu ya zubo, hawaye ya gangaro ta gefen kunnenta. Na san kukan me take yi, amma ni kaɗai na sani. Gwaggo ta ce, "Sake mata hannu. Ba ki ga ganinki ma kuka yake sa ta ba?" Daga ranar ban sake taka ɗakin ba.

Aka share gashin aka haɗa da ƙyallen aka kai bayan gida aka cinna wuta. Ƙaurin ya bi iska ya shiga gidajen maƙwabta, yara suka taho a guje da zaton an yanka kaza ana babbaka, don an daɗe ba a ji wannan ƙauri a garin ba. Iyayensu suka biyo su suka ja su gida, kuma kowace ta koma da labari. Garinmu danga ce kawai tsakanin gida da gida, in ka yi atishawa maƙwabci zai ce maka sannu. Kafin la'asar babu wanda bai ji ba.

Babu wanda ya zage ni. Da an zage ni da na ji sauƙi, don ina da baki, da na rama. Abin da aka yi shi ne, ranar girkina na tuƙa ɗan abin da ya samu na rarraba, sai kwanuka suka dawo min yadda na aika su, a rufe, ko yatsa ba a sa ba. A shekarar da yara ke lasar murfin tukunya, tuwona ya kwana ya yi tsami. Na zauna na dubi kwanukan nan a jere a ƙofar ɗakina, tsoro ya kama ni. Yaran da suka saba shigowa in yi musu kitso suka daina. In na doshi rijiya mata su ɗauki tulunansu rabi-rabi su watse. In na yi sallama a amsa ana kallon ƙasa.

Sai aka fara zuwa ɗaukar 'yata. Matar wan mijina ta ce a bar ta ta yi wasa da 'yan'uwanta, a ɗauke ta tun safe, ba a dawo min da ita sai nono ya cika ya yi min tsami. Na ji da kunnena, ta bayan danga, Gwaggo tana cewa yarinyar ai ta isa yaye, in ubanta ya dawo ita za ta tafi da ita Tofa. Na san abin da ake shiryawa. Za a ba ni takardata in fita da wannan suna a kaina, yarinya ta zauna a dangin ubanta, ta girma ana nuna ta ana cewa uwarta ce ta kashe kakarta. Na aika wa wana saƙo ta bakin wani mai kai kaya birni, amma an tura shi aiki wata madatsar ruwa mai nisa, ban ji komai ba. Tafiya gidanmu kuwa a lokacin daidai take da amsa laifi.

Wan mijina ya kira liman. Na durƙusa daga bayan ƙofar zaure na sake faɗin abin da na faɗa, na ce a kawo Alƙur'ani in dafa. Liman ya ce ba a gaggawar rantsuwa, ya ce zato zunubi ne, ya ja wa kowa kunne. Amma bai ce ba ni da laifi ba. Ya ce, "A jira mijinta. Shi ya san matarsa, shi ya san uwarsa." Aka aika Kudu a neme shi.

Haka komai ya koma kan mutum ɗaya wanda ba ya nan. Na san yana sona daidai gwargwado, amma na san yadda yake da Inna. Mutum ne da ba ya cin abinci sai ya leƙa ya ga ta ci. Kullum ina tsara maganar da zan yi masa, in tsara in rushe. In na ji ƙarar mota daga titi sai in ajiye muciya in leƙa ta danga. Ina roƙon Allah ya ba Inna lafiya, kuma rabin addu'ar don kaina ce, ko kalma ɗaya ta samu ta faɗa.

Ba ta faɗa ba. Ta rasu wata safiya ina shara, kukan Gwaggo ne ya gaya min. Ba a bar ni na matso wajen wanka ba. A zaman makoki mata suka dinga shigowa suna bin kowa da gaisuwa, in an zo kaina a tsallake kamar an tsallake turmi. Na yi kukan Inna ni kaɗai a ɗaki, ina toshe baki, don kada a ce na munafunci ne.

Maigida ya iso bayan an yi sadakar uku. Ya rame har na kusa kasa gane shi, ƙafafunsa duk faso. Bai shigo wajena ba. Ya zauna a zaure da wansa da liman tun safe, daga baya aka kira Gwaggo, ina jin tashin muryarta ba na jin abin da take cewa. Ni ina ɗaki na rungume yarinya, na riga na ɗaure 'yan zannuwana a ƙulli na tura ƙarƙashin gado.

Wajen azahar ya shigo tsakar gida, su suna biye da shi. Ya ce a kira ni. Na fito na durƙusa, ban iya ɗaga kai ba, yatsun ƙafarsa kawai nake gani. Ya ce in faɗi abin da ya faru. Na faɗa, maganar da na tsara duk ta gudu. Da na gama kowa ya juya ya dubi maigida.

"Na san da bargon," in ji shi. "A gabana wanta ya kawo. Ni na ce ta ajiye saboda sanyi. Wanda ke da magana ya yi da ni."

Gwaggo ta buɗe baki, ya ce, "Yaya, Inna kwananta ne ya ƙare. A bar maganar nan." Sannan ya juyo gare ni. "Akwai abinci?"

Akwai, tunda ba mai ci. Na kawo masa, ya zauna a kan turmi a gaban kowa ya wanke hannu ya yi bisimilla ya cinye tas, har ya suɗe kwanon. Ya ɗauki 'yarsa ya ɗora a cinya, ya ba ta loma ta ƙarshe da ya rage mata a hannu. Matar wan mijina ce ta fara jan jiki ta koma sashensu.

Ni kaɗai a wurin na san ran kasuwa aka kawo bargon, kuma bai taɓa sa shi a ido ba. Ƙarya ya yi domina, uwarsa ko kwana bakwai ba ta yi a ƙasa ba. Na ji kamar in kama ƙafarsa in yi ta kuka.

Bayan ya yi sallah ya shigo ɗakina ya ce zai ɗan miƙe, hanya ta gajiyar da shi. Na gyara masa gado, na juya ina ba yarinya nono. Ya ɗauka ban gani ba. Ya jawo matashina ya ɗora a cinya, ya dinga latsa shi da yatsu a hankali, daga wannan kusurwa zuwa waccan, ya bi bakin ɗinkin da farce, ya kai shi hanci. Audugar rimi ce a ciki, wadda uwata ta cusa da hannunta. Ya daɗe yana riƙe da shi, sannan ya ajiye a gefe ba tare da ƙara ba, ya tanƙwashe hannu ya ɗora kansa a kai.

Na zauna a gidan. Ruwa ya dawo, muka haifi wasu 'ya'yan, aka ci gaba da cin tuwona, bai taɓa tayar min da maganar ba ko da faɗa ya haɗa mu. Amma har Allah ya karɓi ransa bai sake ɗora kai a kan matashi a ɗakina ba. Yakan ce wuyansa ne ke ciwo, ni kuma in ce Allah ya sawwaƙe.